TARIN MARUƘA: ABIN DA ZA A KAI ƊAKIN AWO, DA YADDA ZA A KAI SHI

Darasin wannan wata domin ƙungiyoyinmu masu shanu ne, tun ba na ƙauyukan bakin hanyar Katsina ba, daga Ƙofar Dawanau har Dawakin Tofa da Bichi. Muna roƙon magatakardan kowace ƙungiya ya karanta shi a hankali ranar taro. A kira mata su ma su ji, gama sau da yawa su ne sukan fara jin tarin maraƙi da asuba, tun maigida bai leƙa turke ba.

Kowa ya sani da zarar hunturu ya kama, tari yakan shiga maruƙa. Dare da sanyi, rana da ƙura, ciyawa ta bushe, nonon uwa ya ragu. Ban da wannan kuma akwai zirga-zirgar dabbobi. Wanda ya tsaya a Ƙofar Dawanau, arewa maso yamma da tsohon birnin Kano, zai ga dusa da kowar wake da harawa suna shigowa domin masu kiwon turke na cikin birni, zai kuma ga shanun da za su ci abincin nan. Wani an sayo shi a Ɗambatta ran Lahadi, wani a Wudil ran Jumma'a, wani kuwa daga Maigatari, can bakin iyakar Nijar, inda kasuwa ke ci ran Alhamis. Sa ɗaya yakan kwana a kara biyu ko uku, ya sha tafiya cikin mota hanci da hanci da waɗansu shanu, kafin a ɗaure shi kusa da ɗan maraƙi. Mu ma a kasuwannin nan muke sayen shanun huɗa. Cutar da ta bi hanyar nan ta shiga birni, ita ce kuma take ratsewa ƙauyukanmu.

TARI BIYU MASU KAMA DA JUNA

Cututtukan huhu suna da yawa, amma biyu ne ya kamata mu iya rarrabewa.

Na fari shi ne nimoniyar maruƙa. Ƙwayoyin cutar da suka fi kawo ta su ne Fasturela da 'yar'uwarta Manhemiya. Abin mamaki, ƙwayoyin nan suna zaune a hancin maruƙa masu lafiya, ba su yin ɓarna. Sai ran da jikin maraƙi ya yi rauni, ko don sanyi, ko yunwa, ko wahalar tafiya, ko mura, ko kuwa don bai sha dakashi sosai ba ran da aka haife shi, sa'an nan su gangara cikin huhu. Wannan cuta tana jin magani in an sami wanda ya dace, an kuma fara da wuri.

Na biyu shi ne wanda makiyaya ke kira ciwon huhu, ko huhu kawai. Wata ƙwaya ce dabam take kawo shi, sunanta Maikofilasma, ƙarama ƙwarai. Ta numfashi take bi daga dabba zuwa dabba. Takan ɓuya cikin jiki mako uku, ko wata biyu, wani lokaci har wata shida, kafin ta nuna kanta. Mafi muni kuma, san da ya yi kamar ya warke yakan riƙe wani ƙulli na ruɓaɓɓen nama a cikin huhunsa, da ƙwayar a raye ciki, har shekara guda ko fiye. Ya yi ƙiba, gashinsa ya kwanta, dillali ya yabe shi. Kallon kitse ke nan ake yi wa rogo. Ciwon ba ya kama mutum, amma yana iya gama garke.

Ba sabon abu ba ne. A shekarar 1898 waɗansu masana biyu na ƙasar Faransa, Nocard da Roux, suka fara raba ƙwayar daga huhun sa. Amurka ta rabu da cutar tun 1892, Ostireliya a 1973. Da ta ɓulla a arewacin Botswana a 1995, sai da gwamnatin ƙasar ta karkashe shanu wajen 320,000 kafin ta kashe wutar. A nan ƙasarmu, tun 1924 aka kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos, kuma can ake yin allurar rigakafin ciwon huhu har yau. An yi babban gangamin rigakafi cikin shekarun 1970, cutar ta ja da baya, daga baya ta sāke dawowa. Bushiya, wadda kakanninmu suka fi tsoro, an shelanta ƙarewarta a duniya duka a 2011. Huhu kuwa yana nan tare da mu. Tsofaffin makiyaya ma sun san shi sarai tun kafin zuwan likita. A wurare da dama na Afirka ta Yamma sukan tsaga fatar karan hancin sa mai lafiya su cusa ɗan guntun huhun wanda ya kamu, don su yi masa rigakafi. Dabara ce ta mutanen da suka lura, amma kada kowa ya gwada ta yau, gama takan jawo kumburi mai tsanani, ga kuma allurar Vom.

To, me ya sa sai mun rarrabe? Domin abin yi ya bambanta. In nimoniya ce, sai a yi wa marasa lafiya magani, a gyara musu makwanci da abinci, shi ke nan. In ciwon huhu ne, magana ta wuce gida ɗaya. Doka ta ce a sanar da hukumar dabbobi. Tilas a tsare garken, a daina saye da sayarwa, a yi wa shanun gari rigakafi. Fenisilin ba ya taɓa Maikofilasma ko kaɗan, gama maganin nan ɓawon ƙwayar cuta yake fasawa, ita kuwa ba ta da ɓawo. Teramaisin da tailosin sukan sassauta ciwon, dabba ta tashi ta ci abinci, mai ita ya ce ta warke, alhali mai yiwuwa ne ƙwayar tana nan a ɓoye.

Da ido kaɗai ba a iya rarrabewa ko yaushe. Dukansu biyu suna kawo zazzaɓi, da tari, da haki, da tsayuwa da miƙaƙƙen wuya. Sai awo. Ɗakin awo kuwa abin da aka kai masa kaɗai yake iya gani. In an kai samfur marar kyau, amsa marar amfani za ta dawo, ko da likitan ya fi kowa ilimi. Aikin ɗiban samfur na likita ne ko malamin dabbobi, amma rabin nasararsa yana hannunmu masu dabba.

WANE MARAƘI ZA A NUNA WA LIKITA

In likita ya zo, yawancinmu mukan kai shi wurin maraƙin da ya fi jin jiki, wanda ya yi mako uku yana tari, ya rame, ya sha allura iri huɗu daga kantin magani. Tausayi ne ya kawo haka, amma wannan maraƙi ba shi ne zai faɗi gaskiyar abin da ya shigo garke ba. Magungunan sun riga sun kashe ko sun danne ƙwayar da ta fara ɓarna, waɗansu ƙwayoyi na daban kuma sun shigo sun zauna a huhun da ya lalace. Wanda ya je gona bayan an yi girbi ba zai iya faɗin irin da aka shuka ba sai da kirdado.

Wanda ake so shi ne maraƙin da ciwo ya kama yau ko jiya, jikinsa da zafi, ba a kuwa yi masa allura ko ɗura masa kafso ba tukuna. Don haka kowace ƙungiya ta mallaki ma'aunin zafin jiki. A sa shi a duburar maraƙi minti ɗaya ko biyu, da sassafe, gama zafin ranar Kano kaɗai yana iya ɗaga awon da yamma. Maraƙi mai lafiya yakan nuna tsakanin digiri 38.5 da 39.5. Wanda ya haura 39.5, yana kuma haki ko majina, shi ne namu. Sau da yawa ma'auni yakan tona wanda bai fara tari ba ma.

Kada a tsaya kan ɗaya. In marasa lafiya suna da yawa, a ɗiba daga uku zuwa biyar. Amsar maraƙi ɗaya tana iya zama katari, amma in ƙwaya iri ɗaya ta fito daga huɗu cikin biyar, an kama ɓarawo.

Wani zai ce, ashe sai in zuba ido maraƙina ya mutu ina jiran likita? A'a. Ɗiban samfur bai fi 'yan mintoci ba, kuma da an gama sai a yi allura nan take, ba sai an jira amsa ba. Abin da muke roƙo shi ne a kira likita ran da aka ga ciwo, samfur ya riga allura. In kuwa ya zama dole an yi magani kafin ya iso, a ajiye kwalbar, a gaya masa sunan maganin da ranar da aka yi. Kada a ɓoye don jin kunya.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba. A maruƙan da ba su kai wata shida ba, ciwon huhu sau da yawa ba ya nunawa a huhu. A gaɓoɓi yake sauka. Gwiwa ta kumbura, ta yi zafi, maraƙi ya riƙa ɗingishi ko ya ƙi tashi. Saboda haka in manyan shanu suna tari, ƙanana kuma gwiwoyinsu suna kumbura, lalle a faɗa wa likita abu biyun nan tare. Zai iya zuƙo ruwan gaɓar da sirinji, samfur ne mai kyau ƙwarai. Akwai wata Maikofilasma ta daban da ita ma takan haɗa tari da kumburin gaɓa, har da ciwon kunne, maraƙi ya riƙa karkata kai. Awo ne zai raba su.

DAGA INA ZA A ƊIBA

Kafin mu bi hanyoyin, bari mu ga abin da ake yi da samfur a ɗakin awo, gama manomi zai gane shi da sauri. Shuka shi ake yi. Akwai faranti mai ɗauke da abincin da ƙwayoyin cuta ke so, sai a shafa samfur a kai, a rufe, a sa a wuri mai ɗumi kamar ɗumin jiki. Kowace ƙwaya mai rai sai ta tsiro ta yi ɗan tabo. Matsalar ita ce ciyawa. Ƙwayoyin da ke cikin ƙura da kashin shanu da hannun mutum sun fi saurin tsiro, in sun shiga samfur sai su rufe farantin cikin dare ɗaya, irin da ake nema ya ɓace a ƙarƙashinsu. Duk dabarun da za mu ambata, manufarsu ɗaya ce, a samo iri daga inda ciwo yake, ba tare da ciyawa ba.

Mafi sauƙi shi ne a goga tsinken auduga a bakin hanci. Ba tsada, ba wuya. Amma nan ne ƙura ta fi yawa, kuma mun riga mun ce Fasturela tana zaune a hancin mai lafiya ma. Samunta a can bai tabbatar ita ce a huhu ba.

Wanda ya fi shi, shi ne dogon tsinke mai kube. Likita yakan share bakin hancin, ya gwada tsawon daga hanci zuwa gefen ido, ya tura tsinken cikin kubensa har can ƙuryar hanci kusa da maƙogwaro, sa'an nan ya fito da audugar ya murza, ya mayar da ita kube kafin ya zaro. Da haka dattin bakin hanci ba ya taɓa ta. In an yi wa maruƙa da yawa, yana ba da hoton abin da ke yawo cikin garke.

Sai wankin huhu. Sunan yana da ban tsoro, aikin kuwa ba haka yake ba. Ana tura siririn bututun roba mai tsabta ta hanci, ya bi maƙogwaro har ya tsaya a cikin huhu. Sai a tura ruwan gishiri na asibiti kamar cokalin cin abinci biyu ko uku, a zuƙo shi nan da nan. Ba duka yake dawowa ba, sauran jiki yakan shanye, ba ya cutarwa. In ruwan ya dawo da kumfa-kumfa, alama ce ya kai inda ake so. Aikinmu a nan shi ne riƙo. Mutum biyu, maraƙi a tsaye, ɗaya ya tokare shi ta baya, ɗaya ya miƙe wuyan ya ɗaga kan. Maraƙi zai yi tari, wannan daidai ne, shi ke nuna bututu ya shiga hanyar iska. Wanda numfashi ya riga ya yi masa wuya sosai, yana buɗe baki, ba a yi masa wannan.

Akwai kuma wadda ake aske wuya, a kashe zafin wurin, a huda maƙogwaro da allura a zura bututu ta nan, don a kauce wa hanci gaba ɗaya. Samfurinta ya fi kowanne tsabta, amma tana son kayan aiki da gwanin hannu, ba safai za mu gan ta a ƙauye ba.

Wace ce ta fi? Masana ma ba su gama daidaitawa ba. A 2017 an buga bincike biyu. Na Jami'ar Ghent ta ƙasar Beljiyam ya nuna ruwan wankin huhu ya fi dogon tsinke ba da faranti mai tsabta, marar ciyawa. Na Amurka kuwa, da aka gwada hanyoyin nan huɗu a kan maruƙa 100 masu ciwo, ya nuna amsoshinsu sun yi kusa da juna ƙwarai wajen gano Fasturela da Manhemiya. A ganinmu, a turken da ƙura ta yi yawa kamar namu cikin hunturu, wankin huhu ya fi in akwai mai iyawa. In babu, dogon tsinke daga maruƙa huɗu ko biyar ya wadatar, ya kuma fi zaman jiran abin da ba zai zo ba.

In ana zaton ciwon huhu ne, akwai samfur da ya fi duk waɗannan. Cutar takan tara ruwa rawaya a cikin ƙirji, tsakanin huhu da haƙarƙari, a babban sa har ya fi cikin bokiti. Likita yakan soka allura ta ƙasan ƙirji, tsakanin haƙarƙari na bakwai da na takwas, ya zuƙo kaɗan. Ruwan nan cike yake da ƙwayar.

Jini kuma fa? Mutanenmu sun fi yarda da awon jini, amma sai mu gane abin da yake faɗi. Yawanci ba ƙwayar ake nema a jini ba, sawunta ake nema, watau makaman da jiki ya ƙera don yaƙi da ita. Makaman nan sukan ɗauki kwanaki kafin su bayyana, don haka dabbar da ta kamu jiya jininta zai iya fitowa kamar lafiyayye. Wadda aka yi wa rigakafi kwanan baya kuwa tana iya nuna sawu alhali ba ta da ciwo. Ɗan maraƙi ma yana iya ɗauke da makaman da ya sha a dakashin uwarsa. Saboda haka awon jini na garke ne. A ɗebi na shanu da yawa, manya da ƙanana, in likita ya ce zai dawo bayan mako biyu ko uku ya sāke ɗiba daga dabbobin nan dai, kada a ce yana neman kuɗi ne. Ƙaruwar sawu tsakanin na fari da na biyu ita ce shaida. Kwalbar jini a jingine ta a inuwa har ya daskare ruwan ya tashi sama. Kada a girgiza, kada a sa a firiza.

IN AN YANKA, KO YA MUTU

Asara ce, amma dabbar da aka buɗe ta fi mai rai bayani. Sai dai a yi sauri. Cikin zafin ƙasarmu, bayan 'yan sa'o'i ƙwayoyin hanji sun bazu ko'ina cikin gawa, ciyawa ta cinye gona.

Gargaɗi ɗaya tukuna. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya ba tare da jinya ba, baƙin jini yana fita ta hanci ko dubura, kada a buɗe ta sam. Mai yiwuwa ciwon saifa ne, shi kuwa yana kashe mutum. A rufe ta, a kira likita.

In ba haka ba ne, a duba huhu kafin mahauci ya yar da shi. Huhu mai lafiya ja-ja ne mai haske, da taushi kamar soso, in an jefa guntunsa a ruwa sai ya taso. A nimoniyar maruƙa, gaban huhu da ƙasansa, galibi gefe biyu, sukan yi duhu su yi tauri kamar hanta, guntun kuwa ya nutse. A ciwon huhu na manyan shanu, yawanci gefe ɗaya ne yake kamuwa. Ga ruwa rawaya, ga wani abu kamar soyayyen ƙwai ya lulluɓe huhun, ya manne shi da haƙarƙari. In an yanka shi sai a ga faci-faci, ja da toka-toka, da jijiyoyi farare masu kauri sun rarraba su kamar iyakokin gonaki. Wanda ya gani sau ɗaya ba ya mantawa. Muna ba shugabannin ƙungiyoyi shawara, in sun shiga Kano, su nemi izinin ma'aikatan duba nama a abbatuwa ta wajen Ƙofar Mazugal su nuna musu. Tsofaffin mahauta ma malamai ne a wannan fanni.

Inda za a yanko shi ne kan iyaka, wurin da lafiyayyen nama ya haɗu da mai ciwo, gama nan ne ƙwayar ke kan aiki. Tsakiyar ruɓa ba ta da amfani. A yi da wuƙa mai tsabta wadda ba ta taɓa hanji ba. Gunduwa kamar girman kwalin ashana biyu ta isa, a haɗa da kaluluwar da ke tsakanin huhun biyu, a zuƙi ruwan ƙirji da sabon sirinji tun bai gauraya da jini ba. Kowanne a mazubinsa. In likita ya ba da kwalbar fomalin, a sa wani yanki siriri a ciki, kaurinsa kada ya wuce na ɗan yatsa, ruwan kuma ya ninka naman sau goma. Wannan don dubawa da madubin likita ne. Fomalin yana kashe kowace ƙwaya, don haka in an zuba dukan samfur a cikinsa, ba sauran abin shukawa. A sa leda a hannu, a wanke da sabulu bayan an gama, gama wani huhun tarin fuka ne ke cikinsa, shi kuwa yana kama mutum.

HANYA

Nan ne samfur mai kyau ya fi lalacewa. Maikofilasma ba ta jure zafi da bushewa. Tsinken auduga da aka sa a aljihu aka hau babur da shi cikin rana, kafin a kai Ƙofar Dawanau ya zama tsinke kawai. Kowane tsinke yana da kwalbarsa mai ruwa ko wani abu kamar kamu a ciki, a tsoma shi nan take a rufe.

Sanyi ake so irin na firji, wajen digiri 4. Kula ta abinci ko babban filas da ƙanƙara ya isa. A ɗaure kowane mazubi cikin leda biyu, a sa tsumma tsakaninsa da ƙanƙarar, don in ta narke ruwa kada ya shiga. A yi ƙoƙari ya isa cikin kwana ɗaya, kada ya wuce biyu. In tafiyar za ta fi haka, a tambayi likita wanne za a daskarar, wanne ba za a daskarar ba. A kuma lura da ranar. Samfur da ya isa ran Jumma'a da yamma zai kwana uku yana jiran ma'aikata, ga wutar lantarki ba tabbas.

Ba mu ne za mu zaɓi inda za a kai ba. Ta hannun ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ko asibitin dabbobi na gwamnati a Kano za a bi, su ne suka san wanda za a auna a nan, da wanda za a tura asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da wanda sai Vom. Tabbatar da ciwon huhu dai galibi aikin Vom ne.

Kada samfur ya tafi ba takarda. A kan kowane mazubi a manna filasta a rubuta lamba. A takarda kuma, cikin ledarta dabam, magatakarda ya rubuta sunan gari da na ƙungiya, da shekarun dabba ko watanninta, ranar da ciwo ya fara, shanu nawa ne a garken, nawa suka kamu, nawa suka mutu, maganin da aka ba su, da ranar rigakafi na ƙarshe. Sa'an nan abin da aka fi mantawa: ko an kawo sabuwar dabba cikin wata shida da suka wuce, daga wace kasuwa, ko kuma shanunmu sun sha ruwa tare da baƙin garke. Layin nan ɗaya yana iya sa ma'aikacin awo ya ɗauko farantin Maikofilasma, gama ita ba ta tsirowa sosai a farantin yau da kullum, sai an shirya mata nata.

IN AMSA TA DAWO

Fasturela da Manhemiya sukan tsiro cikin kwana ɗaya ko biyu. A ƙara kwana ɗaya ko biyu don gwajin magani, inda ake ɗora 'yan takardu masu magani iri-iri a kan farantin a ga wanne ya hana tsiro. Lalle a roƙi wannan gwaji, gama shi ne zai hana mu zuba kuɗi a kan allurar da ƙwayar ta riga ta saba da ita. Maikofilasma tana da nawa, takan ɗauki mako guda ko fiye. Akwai awo na zamani da ake kira PCR, wanda ke gane ƙwaya ta tambarin halittarta ko da ta mutu a hanya, yana da sauri, amma ya fi tsada, kuma ba ya faɗin maganin da zai yi aiki.

In takarda ta ce ba a sami kome ba, wannan bai wanke garke ba. Wataƙila allura ta riga samfur, ko ƙanƙara ta narke. In an ce ƙwayoyi barkatai suka tsiro, ciyawa ce, sai a sāke. Likitan da ya ga dabbar shi ne zai haɗa takarda da abin da idonsa ya gani.

Kwanakin jiran nan su ne masu hatsari, gama nan ne zuciya takan ce a kai sa kasuwa tun bai faɗi ba. Ƙungiya ta yanke shawara tun yanzu, a rubuta a littafi, cewa garken da aka ɗebi samfur daga gare shi ba ya fita, ba ya haɗa mashaya da na maƙwabta, ba a kuma aron shanunsa na huɗa ko na amalanke, sai amsa ta zo. Marasa lafiya a ware su nesa, ta inda iska ba ta kaɗowa zuwa ga sauran, a yi musu zana ta tare sanyin dare amma a bar sama iska ta wuce. Nonon saniyar da aka yi wa allura da naman wanda aka yanka yana kan magani, a bi kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a ci ko a sayar.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A taro mai zuwa, a fitar da kuɗi daga asusu a sayi ma'aunin zafi biyu, kula ɗaya, sababbin sirinji, leda, filasta da sabulu, a sa su cikin akwati guda a gidan ma'aji. A sa sunan mutum ɗaya da zai riƙa kiran malamin dabbobi, da wani mai babur da ya san inda ake sayar da ƙanƙara a Dawanau ko Bichi. Tsinken auduga da kwalaben jini da fomalin kuwa a wurin likita suke, a tambaye shi tun kafin hunturu ko yana da su a hannu.